Makarantar Sakandare Ba Marainiya Ba Ce

Akwai maganganu biyu da na ke yawan ji a bakin magidanta a ƙasar Kiru. In aka yi zancen makarantar sakandare sai wani ya ce, "Makarantar kirki ai sai birni." Wani kuma ya ce, "Kayan Gwamnati ne, ina ruwana?" Duka biyun kuskure ne, ga kuwa dalilina.

Mu fara da maganar birni. A 1927 aka buɗe Makarantar Midil ta Kano, wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. A zamanin nan yaron Kiru, ko Bebeji, ko Tudun Wada, in zai wuce elementare tilas ya bar ƙasarsu. Amma da Jihar Kano ta tashi kafa makarantun kimiyya a 1977, ba cikin ganuwa ta kafa su ba, a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa ta kafa su. Likitoci da injiniyoyi da yawa daga can suka fito. Ashe ba birni ke gyara makaranta ba. Abin da ke gyara ta shi ne malamai masu shiga aji, da ruwan sha, da abinci, da ɗakin gwaji mai kayan aiki.

Sai maganar kayan Gwamnati. A watan Fabrairu na 2021, bayan an sace 'yan makaranta a Kagara da Jangebe, Gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana 10 na bayan birni, har da sakandaren Kafin Maiyaki ta nan ƙasarmu. Ba na ganin laifin wanda ya ji tsoro don ran yara. Amma ku duba wanda kan ji a jikinsa ran da aka rufe makaranta. Mai hali ya kan mai da ɗansa birni ya biya kuɗi, ɗan talaka kuwa sai ya zauna gida. To, makarantar nan ta wa ce, in ba ta talaka ba?

Kowace sakandare tana da shugaba da mataimakansa, bisa gare su akwai hukuma a Kano. Hukuma tana nesa. Ba ta ganin ran da rijiya ta ƙafe, ko katanga ta zube, ko malamin lissafi ya yi wata guda bai shiga aji ba. Ku ne kusa. A 2019 Gwamnati ta ce ilmi kyauta ne kuma tilas, a 2024 ta sa dokar ta-ɓaci a kansa. Madalla, amma shela ba ta toshe rufin da ke yoyo.

Jama'a, kun sha wahalar ajin yaƙi da jahilci, kun iya karatu da rubutu. Ga inda za su yi muku rana. Ku karanta takardar sakamakon 'ya'yanku da kanku. Ku je taron iyaye da malamai, ku tambayi inda kuɗin da aka tara ya shiga. Abin da ya lalace ku rubuta wa shugaba, ku sanar da dagaci da hakimi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu gane, amin.