Tsakanin alli da kwamfuta: Abin da Mubi ke buƙata daga Abuja

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta jingine takarda da fensir, ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kan kwamfuta kacokan. A 2024 WAEC ta fara irin wannan tsari da ɗalibai masu zaman kansu, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana aniyar faɗaɗa shi zuwa sauran jarrabawar kammala sakandare. Ga yaron da ke karatu a wani ƙauye na Mubi ta Arewa ko Mubi ta Kudu, ma'anar wannan a fili take: makomarsa za ta rataya ga na'urar da wataƙila bai taɓa zama a gabanta ba sai ranar jarrabawa. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Don haka batun ko fasahar zamani za ta shiga aji ya riga ya wuce. Abin da ya rage shi ne wane abu za a fara saye, kuma wa zai koyar da shi.

Mubi ta san tsadar rufe makaranta. Garin na ɗauke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye shi, ɗalibai da malamai suka watse, wasu suka nufi Yola, wasu suka tsallaka Kamaru. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sake garƙame azuzuwa na tsawon watanni. Sau biyu cikin shekara shida karatu ya tsaya cak, saboda babu wata hanyar koyarwa in ba allo da alli ba. Duk mai cewa a bar tsohon tsari yadda yake, sai ya fara amsa tambayar abin da za a yi idan aka sake rufe ƙofa.

Sai dai masu ganin rabon kwamfuta shi ne maganin komai su ma akwai tarihin da ya kamata su waiwaya. A 2007 aka gwada shirin bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, shirin bai yaɗu a ƙasa ba. Ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwan irin waɗannan na'urori, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin ƙwazo a lissafi ko karatu ba. Suwidin, wadda ba ta da matsalar lantarki, ta sanar a 2023 cewa za ta ƙara mayar da hankali kan littattafan takarda a ƙananan azuzuwa. Na'ura ba ta gane yaron da ya yi shiru don bai fahimta ba. Malami ne ke gane shi.

A cikin Adamawa kanta akwai misalin tsaka-tsaki. Bayan rikicin 2014, Jami'ar Amurka da ke Yola ta gudanar da shirin TELA da tallafin hukumar USAID, inda aka koya wa dubban yara karatu da lissafi ta rediyo, tare da littafin aiki da mai jagora a zaune tare da su. Da tsohuwar zuma ake magani: rediyo ba ya buƙatar data, batir biyu sun ishe shi. Haka nan Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, tun kafuwarta a 1976, take horar da malamai daga nesa da littattafai da haɗuwar ido da ido a cibiyoyin karatu.

Ga jami'an da ke tsara kasafi a Ma'aikatar Ilimi da UBEC da TETFund, jerin ya kamata ya kasance haka: malami mai horo da albashi a kan kari, sai wutar sola da za ta riƙe ɗakin kwamfuta, sai darussan da ake saukewa a yi amfani da su ba tare da intanet ba, sannan na'urori, tare da kuɗin gyara a rubuce cikin kwangilar. Manhajar Nigeria Learning Passport da aka ƙaddamar a 2022 za ta fi amfani a Mubi idan malamin aji aka fara koya wa ita. A kwalejin fasaha kuwa, lacca za ta iya tafiya ta waya, amma walda da haɗa wayar lantarki sai hannu ya taɓa ƙarfe a gaban mai koyarwa.

Ma'aunin nasara ma ya kamata ya sauya. Adadin kwamfutocin da aka raba ranar yanke kyalle ba ya nuna komai. Rahoton da ya cancanci teburin minista shi ne mai faɗin nawa ne ke aiki bayan shekara guda, malamai nawa ke amfani da su, kuma yara nawa 'yan aji uku a Mubi ke iya karanta shafi guda su fahimce shi.