Manhajar da ba a tantance ba, ba hujja ba ce

A watan Disambar 2006, Geoffrey Chang, masani a cibiyar binciken Scripps da ke Amurka, ya janye muƙalu biyar da ya wallafa, uku daga ciki a mujallar Science. Ba ƙarya ya yi ba, ba kuma satar aikin wani ya yi ba. Wata 'yar manhaja ce da ake amfani da ita a ɗakin bincikensa ta musanya layi biyu na alƙaluma, sai siffar furotin ɗin da ake kira MsbA ta fito a juye. Tun 2001 aka buga wannan siffa, kuma ba a gano ɓarnar ba sai da Roger Dawson da Kaspar Locher a birnin Zurich suka fitar da siffar wani furotin ɗan uwansa, aka ga abin bai zo ɗaya ba.

Don mai karatu ya gane, ga yadda aikin yake. Furotin ya yi ƙanƙanta a gan shi da madubin ƙara girma na yau da kullum. Sai a sa shi ya daskare ya zama ƙwayar lu'ulu'u, a harba masa hasken eksire, hasken ya watsu ya bar ɗigo-ɗigo dubbai. Daga nan kwamfuta ce ke lissafa taswirar inda ƙwayoyin zarra suke. Da irin wannan taswira aka ƙera wasu magungunan cutar ƙanjamau. Idan lissafin ya karkace, duk wanda ya ɗora bincike a kai ya yi asarar shekaru da kuɗi.

Ni dai a ganina, darasin ya wuce Chang. Manhajoji irin su CCP4, wadda aka fara a Birtaniya a 1979, da Phenix da Coot, sun samu amincewa ne saboda dubban mutane na amfani da su, suna kai ƙorafi, ana gyara. Wadda mutum ya rubuta wa kansa ya ɓoye kuwa, kurenta na ɓoye tare da ita. Ya kamata mujallu su wajabta wa kowa ajiye ɗanyen bayanansa da manhajarsa a inda kowa zai duba, kamar yadda ake ajiye siffofi a rumbun PDB, wanda aka buɗe a 1971 da siffa bakwai, yau ya haura 200,000.

Wasu za su ce AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, ta zo, har ta jawo kyautar Nobel a 2024, me ya rage? To, daga rumbun PDB ɗin nan ta koyi hasashenta. Ɗalibin da ya sauke siffa daga intanet ya liƙa a kundin digirinsa ba tare da duba makin amincinta ba, ya kama hanyar kuskure iri ɗaya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: malami ya zauna da ɗalibi su juya siffar a allon kwamfuta, su tambayi daga ina ta fito, kafin ya sa hannu.