Sabon mai ƙungiya ba ya cin ƙwallo: Me ya kamata magoya baya su nema idan faɗuwa ta tunkaro?

A ranar 7 ga Oktoban 2021, lokacin da aka sanar cewa asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya ya jagoranci sayen Newcastle United ta Ingila, layukan waya a rufe suke a Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda. Tun farkon Satumba aka katse su a Zamfara domin yaƙi da 'yan bindiga. Masu bin ƙwallo a yankin sai dai su ji labarin a rediyo ko a gidan kallo.

Duk da haka, tambayar da cinikin ya tayar ba baƙuwa ba ce a gidajen kallon Zurmi, inda matasa ke zama kan benci su yi musu har injin wuta ya mutu: idan mai kuɗi ya karɓi ƙungiyar da ke ƙasan teburi, me za a jira daga gare shi, kuma zuwa yaushe?

Amsar da aka fi ji ita ce ya sayo manyan 'yan wasa, ya kori koci, a ga canji a mako mai zuwa. Abin da ya faru a Ingila da Kano ya nuna cewa wannan buƙata kan jefa ƙungiya cikin ramin da ake gudu.

Yadda Newcastle ta tsira

An sayi Newcastle kan fam miliyan 305 tana ta 19 cikin ƙungiyoyi 20, da maki uku kacal a wasa bakwai. Magoya bayanta sun cika shafukan sada zumunta da hotunan Kylian Mbappe sanye da rigarsu. Mbappe bai zo ba.

Wanda ya zo shi ne Eddie Howe, kocin da Bournemouth ta faɗi a hannunsa a 2020. Ƙungiyar ba ta ci wasa ba sai a karawa ta 15, a watan Disamba. Da aka buɗe kasuwar 'yan wasa a Janairun 2022, sai aka ɗauko Kieran Trippier mai shekara 31, da Dan Burn daga Brighton, da Chris Wood daga Burnley, wadda ita ma take fafutikar tsira. Bruno Guimaraes ne kaɗai ya yi kama da irin sayayyar da magoya baya suka yi mafarki.

Newcastle ta ƙare kakar a mataki na 11, Burnley kuma ta faɗi. Sai a Maris 2025, bayan sama da shekara uku, aka ɗaga Kofin Carabao, kofin cikin gida na farko tun 1955. An kashe kuɗi, babu shakka, amma an kashe su ne wajen toshe inda ake zubar da maki, kuma an bar koci guda ya yi aikinsa.

Fulham ta bi ɗaya hanyar. Attajiri Shahid Khan ya saye ta a Yulin 2013. A kaka guda koci uku suka jagorance ta: Martin Jol, Rene Meulensteen da Felix Magath. An sayo ɗan wasan gaba Kostas Mitroglou da tsada a Janairun 2014, ya buga wasa uku bai ci ko ɗaya ba. Ƙungiyar ta faɗi bayan shekara 13 a gasar Firimiya.

A Arewa, akwatin zaɓe ke kawo sabon mai ƙungiya

A Najeriya, musamman a Arewa, ba kasafai ake sayar da ƙungiya ba. Kano Pillars da Katsina United da Wikki Tourists ta Bauchi da El-Kanemi Warriors ta Borno da Zamfara United duk mallakar gwamnatocin jihohi ne. Saboda haka idan an rantsar da sabon gwamna, ƙungiya ta yi sabon maigida ke nan, sannan a jira sabon kwamitin gudanarwa.

A Mayun 2023 jihohin Kano da Katsina da Zamfara duk sun yi sabbin gwamnoni: Abba Kabir Yusuf, Dikko Umaru Radda da Dauda Lawal. Pillars da Katsina United, waɗanda suka faɗi tare a 2022, sun koma babbar gasa a wannan shekarar. Zamfara United kuwa rabonta da babbar gasar ya haura shekara goma.

Irin wannan mallaka tana da nata rauni. Kuɗin ƙungiya na fitowa ne daga kasafin da ke ɗauke da albashi da tsaro da asibitoci. A jihar da manomi ke tsoron zuwa gonarsa, da wuya ƙwallo ta zo a sahun gaba. Kuma shugabannin da aka naɗa sun san kujerarsu na tafiya ne da siyasa, don haka sun fi son abin da za a gani yau.

Darasin Kano Pillars

A Yulin 2025 aka naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars. Ba shi ne mai ƙungiyar ba, amma magoya baya sun ɗora masa irin burin da ake ɗora wa sabon mai ƙungiya. Suna da dalili: ya daɗe yana kyaftin ɗin Super Eagles, kuma da rigar Pillars ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar a 2010. Ƙungiyar da ta lashe gasa a 2008, 2012, 2013 da 2014 ba ta saba da haƙuri ba.

A watan Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo ana dab da tashi a filin wasa na Sani Abacha, aka tashi 1-1, wasu 'yan kallo suka kutsa fili suka far wa alƙalan wasa da baƙi. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars naira miliyan 9.5, ta kwashe mata maki uku da ƙwallo uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Katsina. Ƙungiyar ta tsinci kanta a ƙasan teburi.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 2022 ma an kwashe mata maki saboda rikicin filin wasa, kuma a ƙarshen kakar ta faɗi. A gasar da ƙungiyoyi huɗu cikin 20 ke faɗuwa, kuma cin wasa a waje ke da wuya, rasa filin gida babbar asara ce. Fushin da aka yi da sunan kishin ƙungiya ya ci mata abin da babu attajirin da zai iya saya mata.

Masu zaman kansu sun fara shigowa

Akwai alamun sauyi. Barau FC, mallakar Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Barau Jibrin, ta hau babbar gasa a 2025. A Kudu kuwa, Remo Stars ta Kunle Soname ta lashe gasar a Afrilun 2025.

Abin da ake mantawa shi ne Remo ta faɗi har sau biyu, a 2017 da 2019, a hannun wannan mutum. Bai watsar da ita ba. Ya gina fili a Ikenne da ke jihar Ogun, ya kafa makarantar horar da yara, ƙungiyar ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023 da 2024, kafin ta ɗauki kofi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyin da suka fi amfani

Idan gwamnati ko wani attajiri ya tashi farfaɗo da Zamfara United, sunan ɗan wasan da za a sayo ba shi ne abin fara tambaya ba. Shin ana biyan albashi da alawus ɗin wasa a kan lokaci? Kocin da aka ɗauko za a bar shi ya kai ƙarshen kaka? Akwai mota mai lafiya da tsaro a hanya da cikin fili? Idan ƙungiya ta faɗi, mai ita zai tsaya ko zai juya baya?

Ga yaron da ke buga ƙwallo ba takalmi a filin makaranta a Zurmi, akwai wata tambayar da ta fi waɗannan: shin masu zaɓen 'yan wasa za su taɓa wuce Gusau su biyo hanyar Kaura Namoda su gan shi? Ƙungiyar jiha mai ƙarfi ita ce tsani mafi kusa da yake da shi, kuma duk kakar da ta ƙara a ƙasa, shekarunsa na wasa ne ke tafiya.

Magoya baya na da haƙƙin tuhumar duk wanda ya karɓi ƙungiyarsu, kuma ya kamata su yi. Sai dai su ma akwai nasu kason: su cika fili, su biya kuɗin shiga, su bar alƙalin wasa ya koma gida lafiya. Pillars ta riga ta biya kuɗin koyon wannan darasi sau biyu cikin shekara huɗu.