DUWATSUN RUMA DA DAJIN RUGU: DUKIYAR DA MUKA BARI TA ZAMA MAFAKAR ƁARAYI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in faɗi albarkacin bakina game da yankinmu na Batsari da Safana a Jihar Katsina. Ni manomi ne, in rani ya yi kuma in taɓa 'yar tireda a kasuwannin ƙauye. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina sauraren rediyo, kuma ina da ido.

Duk lokacin da aka tashi zancen wuraren yawon buɗe ido a jiharmu, sai ka ji an ambaci Hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu ta Daura da Durɓi ta Kusheyi. Madalla, duk sun cancanta. Amma mu nan yamma ba a tuna mu sai an kashe mutane. Alhali Allah Ya yi mana baiwa. Wanda ya taɓa bi ta ƙasar Ruma da damina ya ga manyan duwatsu sun yi cirko-cirko, ga kore shar ta kowane gefe, ga ƙoramu na gudu. Daga nan Dajin Rugu ya miƙe ta Batsari da Safana da Ɗanmusa har ya shige Zamfara. Ga tarihi kuma: hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana shi ne Yariman Katsina, kuma har gobe tsofaffi na ba da labarin jarumtar Ɗanwaire a ƙasar Ruma. Kusa da mu ga dutsen da garin Dutsin-ma ya samo sunansa, ga kuma madatsar ruwa ta Zobe da aka gama a 1983.

To me ya hana wannan wuri ya zama abin da wasu suka mai da nasu duwatsun? Mu duba Obudu da ke Jihar Kuros Riba. Tsauni ne mai tsawon sama da mita 1,500, can kusa da iyakar Kamaru. A 1951 Turawa suka kafa wurin kiwon shanu a samansa. Watau da shanu aka fara, ba da otal ba. Aka fasa hanya mai kwane-kwane har bisa, ma'aikata suka zauna, daga baya baƙi suka fara zuwa shan iska. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka kafa keken da ke bin igiya a sama yana kai mutane ƙololuwa. Da aka yi sakaci da gyara kuwa, sai baƙi suka ja baya. Darasi biyu ke nan: aiki ke jawo baƙo, sakaci ke korar shi.

Mu ma fa an taɓa yi mana irin wannan tanadi. A shekarun 1960 Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai domin kiwo, aka kuma yi dokar makiyayu ta 1965. Iyayenmu sun ce an yi madatsun ruwa, akwai malaman dabbobi, akwai malaman daji masu hana sare itace. Sannu a hankali duk aka watsar. Madatsu suka cike da yashi, gonaki suka cinye burtali, masu gawayi suka shiga da gatari, yaran makiyaya suka tashi ba boko ba Muhammadiyya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dajin da hukuma ta fice daga cikinsa, ai dole wani ya shiga ya yi sarauta.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin ƙasar Batsari. A Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar Ƙanƙara sama da 300. A 2021 aka rufe layukan waya da kasuwannin dabbobi a ƙananan hukumominmu, mu 'yan tireda muka zauna hannu rabbana. Rogon Batsari da ake lodi mota-mota zuwa garuruwa, sai da ya zamana manomi na tsoron zuwa gonar da yake hange daga bakin gari. Wallahi a irin wannan hali zancen yawon buɗe ido kamar ba'a ne. Wane baƙo zai zo inda mai gida ke gudu?

Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada sulhu a 2016 da 2019, bai ɗore ba. Gwamna Dikko Umaru Radda ya kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-kai a 2023, sannan a 2025 aka yi zaman sulhu tsakanin jama'a da mutanen daji a Batsari da Safana. Wasu na murna, wasu na cewa a bari ya huce. Ni dai abin da na hango shi ne, sulhun baya ya rushe ne saboda an sha hannu an watse, dajin kuma aka bar shi yadda yake. Ba hanya, ba ruwa, ba makaranta, ba ma'aikacin gwamnati ko ɗaya mai kwana a ciki.

Don haka ga kirana ga hukuma. Kada a fara da gina masauki na alfarma. A fara fasa hanyoyi masu ratsa daji daga Runka da Wagini da Ruma, domin hanyar da za ta kai jami'an tsaro ita ce za ta fito da amfanin gona, ita ce kuma wata rana za ta kawo baƙo. A yashe tsofaffin madatsu. A maido da malaman daji da na dabbobi, a ɗauki 'ya'yan manoma da na makiyaya tare. A buɗe makarantun 'ya'yan makiyaya. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, wadda aka kafa a 2011, ta turo ɗalibai su rubuta tarihin duwatsun nan daga bakin tsofaffi tun ba su ƙare ba. Mu talakawa kuma mu daina ba ɓarayi labarin juna, mu daina sare ice ba shuka wani.

In an yi haka, baƙo zai zo da ƙafarsa, mai fura da mai tsire da ɗan acaɓa kowa ya samu. In kuwa aka sake naɗe hannu, to kada a yi mamakin abin da zai dawo. Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani manomi,
Batsari, Jihar Katsina.