Ɗan kwangila da ƴar katafila: a auna lungu kafin a je banki



A satin da ya wuce wani ƙaramin ɗan kwangila na Damagaram ya same ni da hotuna uku cikin salularsa. Sana'arsa ginar ramin tushen gida ce, da ramin masai, da magudanan ruwa na unguwa, da hanyar bututun famfo in Allah ya kawo. Ya shekara goma yana yi da diga da shebur da lebura. Yanzu ya tara ɗan abin hannu, banki kuma ta ce za ta cika masa saura in ya ajiye takardar gidansa jingina. Tambayarsa ita ce, cikin injunan nan uku wanne zai saya? Na ce masa mu bi sannu, tunda gidan da iyalinsa ke kwana ne aka ɗora bisa faifai.

Mu a nan duk ƙarfen da ke tona ƙasa katafila muke ce masa, alhali ba ɗaya suke ba. Ta farko ita ce ƴar ƙarama mai tafiya bisa sarƙa, wadda ake kira mini-pelle da Faransanci. Mutanen Japan suka fito da ita, kamfanin Yanmar a 1968, Takeuchi kuma a 1971 ya ƙera wadda ke juya jikinta gaba ɗaya ba tare da ta gusa ba. Nauyinta daga ton 1 ne zuwa 6. Ta biyu, tractopelle, tana da taya huɗu, babban cokalin kwasa a gaba, hannun gina a baya. Kamfanin JCB na Ingila ya soma haɗa irinta a 1953, nauyinta kuwa wajen ton 8. Ta uku ita ce guntuwar nan da sunan Bobcat ya bi, ƴar Amurka. Gwana ce wajen kwasar yashi da baje ƙasa, amma ba maginar rami ba ce sai an ƙara mata hannu, saboda haka tun da wuri muka ajiye hotonta gefe.

Idon mutumina yana ga mai taya huɗu, kuma ban ga laifinsa ba. Ita ke da kwarjini. Tana gina fiye da metir 4, tana loda wa tifa ƙasa, tana hawa kwalta da ƙafarta ta yi gudun da ya kai kilometir 40 a awa, ba ta neman motar da za ta ɗauke ta. Sai dai faɗinta ya zarce metir 2, kuma sai ta kafa ƙafafun tokare kafin ta soma aiki. Na tambaye shi: cikin ayyuka goma da ka yi bara, nawa ne za ta iya shiga wurinsu? Ya yi lissafi da yatsu, ya ce uku. Sauran duk cikin gida ne ko cikin lungu. Wanda ya san unguwar Birni ya san akwai lungun da amalanke ma sai da dabara. Ƴar ƙaramar mai ton ɗaya da rabi faɗinta wajen metir 1 ne, tana shiga ta ƙofar gareji, ta gina metir 2 da ɗoriya, wanda ya ishi tushen gida da bututu. Mai ton 3 takan kusa metir 3. Aibinsu tafiya: ba su wuce kilometir 4 ko 5 a awa, dole a sami tirela ko babbar mota. Kuɗin wannan ɗauka kuɗin injin ne, ko da mai sayarwa bai faɗa ba.

Sa'an nan ƙasa. Rairayin Maraɗi da laka ta gulbi ba su gagarar ƙaramin inji. Amma Damagaram bisa dutse take zaune, Adar kuma tsakuwa da marmara. Sarƙar roba, wadda ba ta ɓata daɓen gida, duwatsu masu kaifi suna yanka ta kamar wuƙa, sauyinta kuwa tsada. A irin wannan ƙasa sarƙar ƙarfe ta fi, kuma a tabbata akwai bututun mai a jikin hannun wanda za a ɗaura wa gudumar fasa dutse. Ko da hakanan, kada a ɗora wa ƙaramin inji buri: gudumarsa tana fasa marmara da tsohon siminti, ba ta fasa falalen dutse.

Inda na fi daɗewa da shi, maganar injin ne kansa, domin nan mutane ke faɗawa rami. Akasarin waɗanda ke zo mana tsofaffi ne daga Turai, kuma hankali yakan ce wadda ta fi ƙuruciya ita ta fi. Ba kullum ba. Tun daga 2019 dokar hayaƙi ta Turai ta tsananta, har ya zama injunan da ƙarfinsu ya kai kilowat 19 zuwa sama suna zuwa da matatar hayaƙi da kwamfuta mai sarrafa mai. Irin waɗannan gazuwal mai tsabta ƙwarai suke so. A ba su na jarka, mai ruwa da ƙura, sai kwamfutar ta rage musu ƙarfi ko ta kashe su, makaniken unguwa ya tsaya yana kallo don ba shi da na'urar da zai karanta ciwon. Tsohon inji mai famfon mai na gargajiya, ko ƙarami wanda bai kai kilowat 19 ba, shi ne wanda makanikenmu zai kwance ƙarƙashin bedi ya mayar. A ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ke toshe matatar iska cikin ƴan kwanaki, ni wannan sauƙin na fi so da ƙyalƙyalin fenti.

Agogon awoyin aiki kuwa, kada a yi rantsuwa da shi, ana mayar da shi baya. A je da sassafe a tayar da injin yana sanyi, a dubi launin hayaƙi. A miƙe hannun a girgiza, a ga ko gaɓoɓin suna lilo. A duba yoyon mai a bututai, a juya jikin a saurari ƙara. Sabbin na Sin masu araha sun cika kasuwa; akwai na manyan kamfanoni irin su SANY da XCMG, akwai kuma waɗanda ko suna tsayayye ba su da shi. Tambaya ɗaya ce ga dukansu: in famfon mai ya mutu yau, a Yamai za a samu, ko a Kano, ko sai an aika ƙetare? Waɗanda suka ga faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994 sun tuna yadda kuɗin kayan gyara ya ninka dare ɗaya, rufe iyakar Benin a 2023 kuma ya nuna mana yadda kaya ke daɗewa a hanya. Inji yana tsaye, banki ba ta tsayawa.

Akwai kuma abin da ɗan kwangila ba ya son ji. A ƙasarmu abokin takarar katafila lebura ne. Ramin masai guda, mutum huɗu da diga sun gama shi da kuɗin da bai kai na ɗauko injin ba. Inji yana biyan kansa ne in aiki dogo ne, kuma yana bin juna. Ga albashin direba, wanda in ba gwani ba ne zai tsinke bututun ruwa ko wayar lantarki ta ƙarƙashin ƙasa, tara ta hau kan mai kwangila.

Shawarar da muka tsaya a kai ita ce, daga yanzu zuwa faɗuwar damina zai riƙa hayar mai ton 3 duk lokacin da aiki ya buƙata. Zai sayi littafi ya rubuta awoyin da ta yi, da gazuwal da ta sha, da kuɗin ɗauka, da kwanakin da ta zauna. In awoyin sun isa biyan banki da direba da gyara har a rage, sai ya nemi tsohuwa mai sarƙar ƙarfe, ya tafi da makanikensa a duba. Ya tafi ba da murna sosai ba, domin ya riga ya gaya wa abokai katafila na tafe. Takardar gidan dai tana nan cikin akwati.