Tabarau Mai Hangen Nesa: Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima

A cikin kayayyakin da 'yan kasuwa ke yi wa kirari da lambobi, da wuya a sami wanda lamba ta fi ruɗin masu sayensa kamar tabarau mai hangen nesa. Mutum ya shiga kanti, sai a miƙo masa wanda aka rubuta wa 20x50, a ce yana jawo abu kusa har sau ashirin, ga shi kuma da araha. A gefe guda kuwa ga wani mai lamba 8x42, na kamfanin Zeiss ko Leica na Jamus, ko Swarovski na Ostiriya, wanda kuɗinsa kan haura dala 2,000. Wanda bai sani ba sai ya ce, yaya za a yi takwas ta fi ashirin tsada? Amsar ita ce, girman hoto abu ne mai sauƙin samu, tsabtarsa ita ake biya wa kuɗi.

Lambar farko tana nuna sau nawa tabarau ke kusanto da abu, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita. To, duk yadda lambar farko ta ƙaru, haka filin da ido ke gani yake ƙuntata, haske ya ragu, rawar hannu kuma ta ninku daidai da yadda hoton ya ninku. Shi ya sa masu kallon giwaye a Yankari ta Jihar Bauchi, da masu bin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, ba su cika wuce 8 ko 10 ba. Abin da ya haura 12 yana bukatar a ɗora shi bisa maƙafa uku, in ba irin na Canon ko Fujinon ba ne, masu na'urar da ke kashe rawar hannu.

Akwai wani ɗan lissafi da ya kamata kowane mai saye ya riƙe. Idan aka raba lamba ta biyu da ta farko, abin da ya fito shi ne faɗin hasken da ke fitowa ya shiga ido. Na 8x42 yana ba da milimita 5 da 'yan kai, na 7x50 wajen 7, amma na 20x50 ɗin nan 2.5 kacal yake bayarwa. Ita kuwa 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, da rana takan tsuke zuwa milimita 2 ko 3, a cikin duhu kuma ta buɗe har wajen 7 ga saurayi, ga dattijo kuwa sau da yawa ba ta wuce 5. Ashe ke nan da tsakar rana kowane tabarau gwani ne, sai almuru ta yi ake gane na ƙwarai. Wannan magana ta shafi masu fita neman jinjirin wata bayan faɗuwar rana. Haka kuma dattijon da ya ɗauki nauyin 7x50, wani kashi na hasken da ya biya kuɗinsa a banza yake tafiya, domin idonsa ba zai karɓe shi ba.

Abu na biyu shi ne shafen da ake yi wa gilashi. Duk fuskar gilashin da ba a shafa ba takan mayar da wajen kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya same ta, alhali kuwa a cikin tabarau ɗaya irin waɗannan fuskoki sun fi goma. Banda asarar haske, wanda aka mayar ɗin yakan yi ta yawo a ciki, ya sa hoto ya yi fari-fari kamar an duba ta cikin hazo. A shekarar 1935 ne Alexander Smakula, wani masani a kamfanin Zeiss da ke Jena, ya samo hanyar shafe gilashi don rage wannan asara. A yau manyan tabarau, waɗanda aka yi wa kowace fuska shafe hawa-hawa, suna isar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na haske ga ido.

Na uku shi ne gilasai masu kusurwa da ke ciki, waɗanda ke miƙar da hoto don kada ya fito a kife. Iri biyu ne. Akwai tsohon yayi mai kafaɗu, wanda ya samo suna daga Ignazio Porro, mutumin Italiya da ya yi rajistar dabarar a 1854. Akwai kuma miƙaƙƙe siriri, wanda ya fi daɗin riƙo amma ya fi wuyar ƙira, har sai da Zeiss ya fito da wani shafe na musamman a 1988 kafin kaifin hotonsa ya kamo na mai kafaɗu. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ya sani, a kan kuɗi ɗaya, mai kafaɗu yakan fi miƙaƙƙe kyan hoto. Bugu da ƙari, gilashin da ake yi wa alamar ED yana rage launin shunayya ko kore da kan bayyana a gefen abu mai duhu idan sararin sama na bayansa.

Amma fa ba duk laifi ne na tabarau ba. Ƙurar hunturu da kawalwainiyar tsakar rana suna dagula hoto, ko nawa aka sayi gilashin, kuma tabarau mai babbar lamba shi ya fi shan wannan wahala. Idanun mutum biyu ma ba ƙarfinsu ɗaya ba, don haka ne aka sa wani zobe, galibi a ɓangaren dama, na daidaita su, kuma da yawa masu kukan hoto ya yi dishi-dishi ba su taɓa murɗa shi ba. Mai sa tabarau na likita kuwa ya nemi wanda ke ba ido tazarar milimita 15 ko fiye, in ba haka ba zai ga kamar yana leƙe ta cikin bututu.

Tun da yake gani ya kori ji, kada mai saye ya biya sai ya gwada, kuma ya nemi yin gwajin da yamma lis a waje, maimakon ƙarƙashin fitilun kanti. Ya riƙe tabarau nesa da fuskarsa ya dubi ɗigon hasken da ke gilashin baya: in zagayayye ne fes, madalla, in kuwa gefensa ya yi inuwa mai kusurwa huɗu, an yi tsimi wajen ƙira. Ya dubi wayar lantarki ko rassan bishiya don neman launin nan na gefe. Ya karanta rubutun wani allo a tsakiyar hoto, sa'an nan ya matsar da shi gefe ya ga ko zai karantu. Ya daɗe yana kallo na 'yan mintoci, in ya ji idanu na ja ko kai na sarawa, to bututun biyu ba su daidaita ba, ya ajiye shi ko da sunan wa ke jikinsa. Ya kuma tabbata rufaffe ne ruf, an cika shi da iskar naitirojin, saboda ƙurar rani da laimar damina da ke sa gilashi ya yi fumfuna. Kome za a yi dai, kada a kuskura a dubi rana da shi, domin yana makantarwa nan take.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, kuma gaskiya ne. Sai dai tsakanin tabarau na banza da na matsakaicin kuɗi tazarar babba ce, kowa zai gan ta, amma tsakanin matsakaici da mafi tsada 'yar kaɗan ce, ba ta bayyana sai a gefen hoto, ko da asuba da almuru, ko bayan shekaru ana aiki da shi. Ma'aikacin gandun daji da ke wuni da tabarau a wuya yana da hujjar biyan wannan kuɗi. Wanda kuwa zai fito da shi ran hawan salla kawai, ya jera biyu a gabansa ya gwada. In idonsa bai ga bambanci ba, ya ɗauki mai sauƙin, ya mayar da sauran kuɗinsa aljihu.