Manhajar gwamnati ma tana buƙatar ofishin rajista

A aikin gwamnati, abin da ba a rubuta ba tamkar bai faru ba ne. Shi ya sa kowace ma'aikata take da ofishin rajista, kowane fayil yake da lamba, kowane shafi a cikinsa yake da tasa, kuma duk jami'in da ya yi sharhi sai ya sa hannu ya rubuta kwanan wata. Idan bayan shekara goma aka nemi sanin wanda ya amince a biya wani kuɗi, fayil ne zai ba da amsa, ko da jami'in ya yi ritaya ko ya riga mu gidan gaskiya.

Yau kaso mai yawa na wannan aiki ya koma cikin kwamfuta. Albashi yana bi ta IPPIS, kashe kuɗin kasafi yana bi ta GIFMIS, kuɗin shiga yana bi ta Remita zuwa asusun bai-ɗaya, kuma Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ya daɗe yana matsa wa ma'aikatu lamba su rage dogaro da takarda. Ban da waɗannan manya, kusan kowace hukuma tana da nata shafin ɗaukar aiki, ko na biyan kuɗin lasisi, ko na karɓar koke. Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne, kowace manhaja rubutu ce: dubban layukan umarni da mutane suka zauna suka rubuta, suke kuma gyarawa a kai a kai. Gyaran layi guda yana iya sauya yadda ake lissafin abin da ake cire wa ma'aikaci a ƙarshen wata. To, wa ya yi gyaran? Yaushe? Da izinin wa? Kuma idan gyaran ya ɓata lissafi, ina tsohon rubutun da za a koma gare shi?

Ra'ayina shi ne, bai kamata wata ma'aikata ko hukuma ta fara aikin manhaja, ko ta karɓi wanda ɗan kwangila ya kammala ba, sai an kafa rumbun da ke adana tarihin rubutun manhajar, kuma rumbun ya kasance da sunan ma'aikatar, mabuɗansa suna hannun ma'aikatanta.

Kayan aikin da ake yin haka da shi ba sabo ba ne, kuma ba a sayen sa. Wanda ya fi shahara shi ne Git, wanda Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland da ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta a watan Afrilun 2005. Dalilin rubuta shi ma darasi ne a gare mu. Masu aikin Linux sun yi shekaru suna amfani da manhajar wani kamfani mai suna BitKeeper kyauta, sai saɓani ya shiga tsakani, kamfanin ya janye izininsa. Torvalds ya ga cewa zanen aro ba ya rufe katara, ya zauna ya samar da nasu. Bayan 'yan watanni ya miƙa kula da shi ga Junio Hamano, wanda ya ci gaba da jagorantar aikin. A kan Git ne aka gina dandalin GitHub a 2008, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, haka nan GitLab da Gitea, waɗanda kowace hukuma za ta iya ɗora su a kan babbar kwamfutarta.

Yadda yake aiki ba zai yi wa ma'aikacin rajista wuyar fahimta ba. Duk lokacin da mai rubuta manhaja ya kammala wani gyara, sai ya shigar da shi rumbu tare da taƙaitaccen bayanin dalili. Git yana ɗaure shigarwar da sunan mai ita da lokacin da aka yi ta, ya kuma ba ta wata doguwar lamba da aka lissafo daga abin da ke cikinta da kuma lambar shigarwar da ta gabace ta. Saboda wannan sarƙa, duk wanda ya koma baya ya taɓa tsohon shafi, lambobin da ke bayansa za su sauya gaba ɗaya, kuma masu riƙe da kwafi za su gane. Mutum biyar suna iya aiki lokaci guda, kowa a kan reshensa, sannan a haɗe ayyukan bayan an duba. Kowane ɗayansu yana da cikakken kwafin tarihin a kwamfutarsa, don haka ɗaukewar intanet ba ta tsayar da aiki, abin da ke da muhimmanci a ƙasa irin tamu.

Inda babu wannan tsari, abin da ake gani sananne ne ga duk wanda ya yi hulɗa da sashen fasahar sadarwa na wata hukuma. Rubutun manhaja yana zaune a kwamfutar wani matashi da ɗan kwangila ya ɗauka haya. Akwai kwafi a filas, akwai wani a imel, ga wanda aka sa wa suna “na ƙarshe” da wanda aka sa wa “na ƙarshe na gaske”, kuma babu mai iya rantsuwa a kan wanda ke aiki a shafin hukumar. Ranar da matashin ya samu aiki a Kanada, ko kwangila ta ƙare da rigimar biyan kuɗi, hukuma za ta tarar da cewa abin da ta biya miliyoyi a kansa ba ta da ikon gyara ko waƙafi a cikinsa. Daga nan zaɓi biyu ne: ko ta ci gaba da sabunta kwangilar mutum ɗaya a kan farashin da ya ga dama, ko ta sa sabon layi a kasafi don a sake gina abin da aka riga aka gina. Ko wanne aka ɗauka, baitulmali ne ke biya.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an hukunta fiye da mutum 900 masu kula da ƙananan gidajen waya bisa laifin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu ta nuna giɓi a asusunsu. Wasu sun shiga kurkuku, wasu sun rasa gidajensu. Sai a 2019 Babbar Kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, kuma a 2024 majalisar dokoki ta yi dokar da ta soke hukunce-hukuncen. Rumbun tarihi shi kaɗai ba zai hana irin wannan zalunci ba. Amma lamarin ya nuna abin da ke faruwa idan sanin kurakuran manhaja da gyare-gyarenta ya taƙaita ga waɗanda ke da muradin ɓoye su. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Akawun da wata rana za a tuhume shi da giɓin da kwamfuta ta nuna yana da haƙƙin a iya buɗe tarihi a ga abin da aka sauya a makon da giɓin ya bayyana.

Ɗora Git a kwamfuta aikin mintuna ne, ko a Windows ko a Linux ko a Mac. Inda ake yin nasara ko a faɗi shi ne wajen tsara shi, kuma shawarwarin da ake yankewa a nan na shugabanci ne, bai dace darakta ya bar su ga masu fasaha kawai ba.

Na farko, wa ke da rumbun? A buɗe asusun da sunan hukuma, da adireshin imel na gwamnati mai ƙarewa da gov.ng, kuma aƙalla ma'aikatan dindindin biyu su riƙe ikon gudanarwa. Ɗan kwangila baƙo ne da ake ba shi izinin shiga na wa'adi. Idan aka juya lamarin, wato shi ne mai gida, hukuma ce baƙuwa, to an riga an sayar da gonar tun kafin shuka.

Na biyu, a ina za a ajiye shi? Dandalin ƙetare yana da sauƙin amfani, amma yana ƙarƙashin dokar ƙasarsa. A 2019 GitHub ya taƙaita asusun masu amfani da shi a Iran da Siriya da yankin Kirimiya domin bin takunkumin Amurka. Ba ina cewa hakan yana tafe gare mu ba ne, amma manhajar da ta shafi albashi, haraji ko tsaro ta fi dacewa da zama a gida. Galaxy Backbone, kamfanin gwamnati da aka kafa a 2006, yana da cibiyoyin adana bayanai a Abuja da Kano. Babu abin da zai hana a kafa rumbu guda na tarayya a can, kowace hukuma da nata ɗaki a ciki.

Na uku, kowa ya shiga da sunansa. Matakin farko bayan ɗora Git shi ne mutum ya rubuta sunansa da imel ɗinsa, waɗanda za su riƙa bin kowace shigarwa. Asusu guda da mutum shida ke amfani da kalmar sirrinsa daidai yake da fayil da kowa ke sa hannu da suna ɗaya. Da yake kuma mutum yana iya rubuta sunan wani, a tilasta sa hannu na lantarki a kan shigarwa, da tantancewa mai mataki biyu wajen shiga. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki ko aka yi masa sauyin wuri, a ranar za a janye izininsa.

Na huɗu, a kulle babban reshe. Kada kowa, ko da shugaban tawaga ne, ya iya zuba gyara kai tsaye cikin rubutun da jama'a ke amfani da shi sai wani ya duba ya amince. A kuma kashe damar tura gyara da ƙarfi, wadda take iya shafe tarihi. Wannan ita ce tsohuwar ƙa'idar ofishin kuɗi: wanda ya shirya takardar biya ba shi ne zai amince da ita ba. Duk sigar da aka fitar ga jama'a a yi mata alama da lamba, domin a san abin da ke gudana a kowace rana.

Na biyar, a san abin da ba ya shiga rumbu. Kalmomin sirri, mabuɗan shiga ma'ajiyar bayanai, da bayanan 'yan ƙasa irin su lambar NIN ko BVN ba wurinsu ba ne. Git ba ya mantuwa: abin da aka shigar yau aka goge gobe yana nan a tarihi. A 2016 masu kutse sun samo mabuɗi a rumbun injiniyoyin Uber da ke GitHub, suka kwashi bayanan mutum miliyan 57, kuma a 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 148 don sasantawa da jihohin Amurka. Mu ma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023, kuma ta hau kan hukumomin gwamnati kamar yadda ta hau kan kamfanoni.

Na shida, a yi kwafin ajiya a wani wuri dabam, a kuma riƙa gwada dawo da shi. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge ma'ajiyar bayanan kamfanin bisa kuskure, sai aka tarar hanyoyin ajiyar da aka dogara da su ba sa aiki yadda aka zata, aka yi asarar bayanan kimanin sa'a shida. Idan haka ta faru da masu sana'ar, ina ga hukumar da ba ta taɓa gwada nata ba? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu ja, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. 'Yan kwangila za su ce rubutun manhaja sirrin kasuwancinsu ne. Gaskiya ne idan kamfani ya gina abinsa da kuɗinsa yana bai wa mutane haya, kamar yadda Microsoft ke yi. Amma abin da aka rubuta musamman domin hukuma, da kuɗin hukuma, dole takardar kwangila ta fayyace cewa na hukuma ne, kuma inda aka gauraya biyun a ware su tun farko. Amurka ta yi irin wannan tsari a watan Agustan 2016, inda ta umarci hukumominta su tabbatar da haƙƙinsu a kan manhajar da aka rubuta musu, su kuma riƙa raba ta a tsakaninsu. Wasu za su ce tara komai wuri guda yana jawo ɓarayi. Haɗarin yana nan, amma wuri guda mai ƙofa da mai gadi da littafin shiga ya fi filas ashirin da ke yawo a aljihu. Wasu kuma za su ce babu ma'aikatan da suka iya. Git yana cikin abubuwan farko da ake koya wa mai koyon rubuta manhaja, kuma ƙasar da ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku ba za ta rasa mutum biyu a kowace hukuma ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne shugaban da zai tambaya.

Gyaran bai buƙaci sabuwar doka ko sabuwar hukuma ba. NITDA tana tantance ayyukan fasahar sadarwa na hukumomi kafin a aiwatar da su. Ta sa mallakar rumbu cikin sharuɗɗanta. Hukumar BPP ta sa shi cikin takardun kwangila na bai-ɗaya, ta yadda ba za a biya kason ƙarshe ba sai wani ma'aikaci ya ɗauko rubutun daga rumbun hukuma ya tayar da manhajar da kansa, ba tare da taimakon ɗan kwangila ba. Masu binciken kuɗi su riƙa lissafa rumbun cikin kadarori kamar yadda suke lissafa motoci da janareto. Takardar miƙa aiki ta kowane daraktan fasaha ta ƙunshi jerin rumbuna da sunayen masu riƙe da mabuɗansu.

Ga mataimaka na musamman da ke shirya wa minista ko babban sakatare bayani kafin bikin ƙaddamar da sabon shafi, ga tambayoyi uku da za su ƙara a takardarsu: ina rumbun yake, sunan wa ke kansa, kuma yaushe aka yi gwajin dawo da shi na ƙarshe? Idan ɗakin taro ya yi tsit, a ɗage yanka kintinkiri har sai an samu amsa.